A Daina Rubuta 11 a Inda Ake Nufin II

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani kuskure da ya daɗe yana damuna, wanda ya shafi yadda muke rubuta lambobin Romawa da yadda muke karanta su. Ni tsohon malamin firamare ne da ya shafe shekaru yana koyar da lissafi, shi ya sa idona ba ya wuce irin wannan kuskure ba tare da ya tsaya a kansa ba.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake yawan ganin an rubuta sunan Muhammadu Sanusi II da alƙaluman 11 a takardun gayyata da allunan talla, har ma da wasu labarai da aka buga, kamar dai an yi sarakuna goma sha ɗaya masu wannan suna a Kano, alhali kuwa abin da ake nufi shi ne na biyu, domin kakansa shi ne na farko. Haka ake yi wa sunan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III, sai a jera 111 a bayansa. Kwanakin baya kuma na saurari wani shiri a rediyo inda mai gabatarwa ya zo kan Babi na IV na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wato babin da ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam, sai ya furta haruffan da sunayensu na Turanci maimakon ya ce babi na huɗu. Ban ga laifinsa sosai ba, domin na san yadda ake koyar da wannan darasi a makarantunmu: a sa yara su haddace daga I zuwa XX, a yi jarrabawa, a wuce, ba tare da an taɓa nuna musu ƙa'idar da aka gina abin a kanta ba.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya. Haruffa bakwai ne kacal: I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M kuma dubu. Idan ƙaramin harafi ya biyo bayan babba sai a tara su, kamar VI da ke nufin 6 ko LX da ke nufin 60. Idan kuma ƙaramin ne ya zo gaba sai a ɗebe shi daga babban, kamar IV da ke nufin 4. Sai dai a tsarin da ake bi a yau wannan ɗebewa tana da iyaka, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Harafin I ba ya shiga gaban kowa sai V da X, harafin X ba ya shiga gaban kowa sai L da C, shi kuma C sai gaban D da M kawai, wanda hakan ya ba mu haɗi shida, wato IV da IX da XL da XC da CD da CM. Haruffan V da L da D ba a ɗebe su, ba a kuma maimaita su, sannan ba a jera harafi ɗaya fiye da sau uku.

Hanyar da na riƙa bi da ɗalibaina ita ce kada su taɓa harafi ko ɗaya sai sun farfasa lambar gida-gida. A ɗauki 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka samu mulkin kai. Dubu ɗaya ita ce M, ɗari tara CM, sittin kuma LX, idan aka jera su sai a samu MCMLX. Shekarar 1804, wadda aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikinta, tana da dubu da ɗari takwas da huɗu, saboda haka ta zama MDCCCIV. Gidan goma babu komai a cikinsa, don haka sai a tsallake shi kurum, tunda Romawa ba su da alamar sifiri. Wanda ya riƙe wannan hanya ba zai rubuta 99 a matsayin IC ba, ko da yake hankali yana iya raya masa cewa ɗari ba ɗaya ai daidai ne, domin zai fara da casa'in, XC, sannan ya kawo tara, IX, ya samu XCIX. Haka 1999 take zama MCMXCIX, haka 49 take zama XLIX. Da wannan tsari ana iya kaiwa har 3999, daga nan kuma sai a koma ga jan layi a saman harafi don a ninka shi sau dubu.

Nakan ji ana cewa ai akwai agogunan bango masu ɗauke da IIII a gurbin ƙarfe huɗu, to ina ƙa'idar take? Gaskiya ne, kuma su kansu Romawan ba su tsaya kan salo guda ba, domin a ƙofofin babban dandalin wasansu na Colosseum an sassaƙa huɗu da IIII. Al'adar maƙeran agogo ce ta riƙe wancan tsohon salo. Amma littattafai da dokoki da jarrabawa a yau sun daidaita a kan IV, kuma da shi ya kamata a horar da yaro.

Wani zai iya tambaya, me ya sa za mu wahalar da kanmu da lambobin da su Turawan ma suka bari? Lalle sun bar su a harkar lissafi, bayan da Leonardo na birnin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi alƙaluman Indiya daga malamai a garin Bijaya na Aljeriya, ya kuma rubuta littafi a kansu a 1202. Kalmarmu ta sifiri ma daga Larabci take. Ba wanda zai so ya yi sau ko rabawa da haruffan Romawa yana da alƙaluman da muke amfani da su yanzu. To amma ba a bar su wajen jeranta abubuwa ba. Ɗalibin sakandare da ke shirin jarrabawar WAEC zai gamu da II da IV da VI a cikin sunayen sinadarai a darasin kimiyya, kuma idan ya sauya ɗaya da wani ya sauya sinadarin baki ɗaya. Lauya yana gamuwa da su a babi-babi da sassan doka. Shafukan gabatarwa na kundin digiri da su ake lambata su. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ma fi mu cuɗanya da su, tunda a Faransanci da su ake rubuta ƙarni, kuma gundumomin birnin Yamai biyar da su aka jera su daga I zuwa V. Mai fassara labaran duniya da ya ci karo da Sarki Charles III na Ingila ko Fafaroma Leo XIV dole ne ya san cewa na uku da na goma sha huɗu ake nufi.

Wakiltar lamba da harafi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu na zaure sun san hisabin abajada, inda alif yake ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, ya goma, ƙaf kuma ɗari, kuma da shi marubuta waƙoƙin ajami suke saka ramzi a ƙarshen waƙa don nuna shekarar hijira da aka yi ta. Jama'ar da ta iya warware ramzi mai haruffa ashirin da takwas ba za ta gaza da haruffa bakwai ba, idan har an koya mata da kyau.

Roƙona ga wannan jarida guda biyu ne. Na farko, masu tace labarai su tabbata harafin I aka buga a bayan sunayen sarakuna, kada a sa alƙalamin 1, ko kuma a rubuta shi da Hausa kai tsaye, a ce Sanusi na Biyu, wanda a ganina ya fi sauƙi ga mai karatu da mai karanta labarai a rediyo. Na biyu, idan akwai hali, a ware ɗan gurbi a shafin yara a riƙa ba su lambobi suna mayarwa, ana farawa da shekarun haihuwarsu, sannan a buga amsoshin a fitowa ta gaba tare da nuna yadda aka farfasa kowace lamba gida-gida, domin malaman firamare da iyaye su samu abin da za su ɗora a kai a aji da gida.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
daga Zariya.