Rahoton Kwamitin Gyaran Lasifikar Masallaci, Gwammaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan bayani ne daga kwamitin da jama'ar masallacin khamsu salawati na layinmu suka ɗora wa alhakin gyaran na'urar sauti. Aiki ya kammala, an damƙa shi hannun Malam Liman da Malam Ladan. Kuɗin jama'a aka kashe, don haka haƙƙinsu ne su ji abin da aka yi da dalilin yinsa, balle ma da yake abin da muka saya ba shi ne abin da mafi yawan mutane suka ba da shawara ba.

Kowa ya san halin da ake ciki kafin gyaran. Da asuba, kafin Malam Ladan ya buɗe baki, gurnanin injin ƙara sauti, wato amfilifaya, ya riga ya tashi maƙwabta. Ana tsakiyar tafsiri amfilifaya ta yi zafi ta ɗauke. Koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifikokin hasumiya, shi kuwa kullum cikin ƙonewa yake, a sauko da shi, a kai Sabon Gari a sauya, bayan ɗan lokaci a sake hawa tsani. A zaman farko kusan baki ya zo ɗaya cewa injin ne ya yi ƙarami, a sayo wanda ya fi shi ƙarfi.

Injiniyan da muka ɗauko ya ce a dakata da maganar saye sai ya auna. Amfilifayar da muke da ita irin ta masu kiɗan biki ce, wani bawan Allah ya ba da ita fisabilillahi, Allah ya saka masa da alheri. Ƙarfinta ya ninka buƙatarmu sau da yawa, kuma an ƙera ta ne don manyan akwatunan sauti masu cin wuta. Lasifikar hasumiya mai bakin kakaki ba haka take ba. Wat 1 kacal na wuta idan aka ba ta, tana fitar da sautin da ya kai desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 105 zuwa 110 a tazarar mita 1, alhali akwatin sauti na ɗaki bai cika wuce 90 ba. Bambancin desibel 20 yana nufin akwatin sai ya ci wat 100 kafin ya yi ƙarar da ita take yi da wat 1. To abin da yake jin wuta haka, kamar sanƙira yake: ko raɗa aka yi masa sai ya shelanta wa gari. Ɗan gurnanin da babban inji yake yi, wanda akwati zai haɗiye ba a ji ba, shi ne lasifikokin nan suke watsa wa unguwa.

Ƙonewar koyil ma daga nan take. Lasifikar hasumiya an yi ta ne don muryar mutum, ba ta ɗaukar sauti mai kauri na ƙasa, wanda samari suke kira bes. Injin biki kuwa shi ya fi iya turawa, kuma mun tarar an murɗa makunnin bes ɗin har ƙarshe don murya ta yi daɗi a cikin masallaci. Sai kuma haɗin waya. Lasifikoki 4 masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wuta, yana raguwa wutar da ake ja daga inji tana ƙaruwa) aka jona a kan layi ɗaya, turjiyarsu ta sauko om 2, ƙasa da abin da aka rubuta a bayan injin cewa zai iya ɗauka. Ga wayar siririya ce irin ta ƙwan lantarki, ta yi tafiya mai nisa daga mihrabi zuwa saman hasumiya. Da irin wannan jonin lasifikoki, dole inji ya yi zafi.

Da wannan hujja kwamiti ya tsaya a kan amfilifayar wat 240 irin ta sanarwa, mai layin bolt 100, wadda kuma take aiki da batir na bolt 24 idan an ɗauke wuta. A kasuwa an fi samun TOA ta Japan da Ahuja ta Indiya, kuma jabu ya yi yawa, shi ya sa muka je da injiniya, aka kunna a gabanmu, aka karɓi rasit. A tsarin bolt 100 kowace lasifika tana da ƙaramin taransifoma da ake zaɓar yawan wat ɗin da za ta ja, lissafin kuma tarawa ce kawai. Uku na hasumiya an sa su a wat 30 kowacce. Ta huɗun, wadda take fuskantar gidajen da ke jikin katanga, an sa ta a 15, domin akwai tsofaffi da jarirai a ciki, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don ana kiran sallah. Na cikin masallaci guda 6 ne a wat 10. Jimla wat 165, an bar wa injin sararin numfashi. Wanda yake ganin wat 30 ya yi kaɗan ya duba: a mita 100 daga bakin lasifika, idan ba gini a tsakani, sautin yana nan kusa da desibel 80 zuwa 85.

Sabon inji bai kashe gurnanin nan take ba, kuma a nan ne aikin ya fi cin lokaci. Injiniya ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ya zare makirufo, gurnani ya ragu sosai, sai aka gane daga wayarsa ne. Da aka fasa bututun bango sai ga ta kwance tare da wayar fankoki, ba ta da rigar kariya, tana kwasar kaɗawar wutar layi mai bugun 50 a daƙiƙa. Aka ja mata hanyarta daban da waya mai kariya da soket mai ƙafa uku. Ragowar gurnanin ya tafi bayan an kafa sandar tagulla a ƙasa kusa da wurin alwala, inda danshi ba ya yankewa, aka haɗa ta da jikin injin. Tun da aka gina masallacin ba a taɓa yi masa wayar ƙasa ba, abin da ya ba mu tsoro matuƙa, don Malam Ladan ya ce ya sha jin makirufo yana ɗan jan leɓensa.

A saman hasumiya ma an ga abin mamaki. Lasifikar gabas da ake cewa ta mutu lafiyarta ƙalau. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a maƙogwaronta, ƙurar hunturu ta ƙarasa toshe sauran. Aka goge ta da buroshi, aka sa raga. An kuma ɗan sunkuyar da bakin kowacce ƙasa don kada ruwan damina ya taru a ciki, aka gyara wata da aka juya wa ƙafafun waya tana cin karo da 'yar'uwarta. Ihun da makirufo yake yi a sahun farko ya daina da aka matsar da akwatin da ke saman kan liman zuwa ginshiƙi na biyu.

Mun gwada aikin da la'asar da kuma asuba. 'Yan kwamiti sun watsu zuwa bakin titi da ƙarshen lungu, iyayenmu mata kuma sun aiko daga cikin gida cewa yanzu suna rarrabe kalmomin kiran sallah ɗaya bayan ɗaya.

An yi wa makunnan injin alama da jan fenti, muna roƙon kada kowa ya wuce ta, makunnin bes kuma a bar shi a ƙasa. Akwai maɓalli daban na hasumiya, wanda Malam Liman ya yi umarni a riƙa kashewa bayan iƙama, karatu ya tsaya a cikin masallaci. Makullin akwatin yana hannun Malam Ladan da na'ibi. Tsohuwar amfilifaya, da izinin mai ita, an ba wa makarantar Islamiyya don taron saukar karatu, inda akwatuna suke amfani da su.

Takardar shiga da fitar kuɗi tare da rasit-rasit tana manne a allon sanarwa na ƙofar kudu, ma'aji kuma zai zauna bayan sallar isha'i ranar Juma'a don amsa tambaya. Abin da ya rage shi ne farantin sola da zai riƙa cajin batiran, kuɗin da suka saura ba su kai ba, asusun yana buɗe ga mai niyya. Allah ya karɓa daga duk wanda ya sa hannu da dukiyarsa ko ƙarfinsa, ya gafarta wa iyayenmu.

Sakataren Kwamiti, a madadin Shugaba da sauran mambobi.