A daina zuba wa yara fiya-fiya a ka saboda ƙwarƙwata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan uwana iyaye mata, da masu kitso, da malaman Islamiyya, a kan wani abu da muke ɓoyewa saboda kunya, har ɓoyon ya kai mu ga yin maganin da ya fi cutar haɗari.

Ni malamar firamare ce, ina kuma da 'ya mai shekara huɗu wadda tun tana wata biyar take fama da ciwon fatar nan da likitoci ke kira egzima. Ya fara mata a kumatu, daga baya ya koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa da bayan kunne, inda fatar kan bushe ta yi duhu ta yi kaushi, ga ƙaiƙayin da ke hana ta barci. A hunturun da ya wuce sai susar ta koma kanta. Na ɗauka tsohon ciwon ne ya hau ka, na yi ta ƙara mata mai har kusan mako uku, sai ranar da aka je tsefe mata kai mai kitso ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya, ta nuna mini ƙananan ƙwayaye manne da gashi a ƙeya da bayan kunne. Ashe ƙwarƙwata ce. A daren na samu shawara daga mata biyu waɗanda ba na shakkar ƙaunar da suke yi wa yarinyar. Ɗaya ta ce a wanke kan da kananzir, ɗayar ta ce a ɗiga fiya-fiya cikin man kitso a shafa, a ɗaure kan da leda ta kwana da shi, gari na wayewa an rabu da ƙaya. Na kusa yarda, domin na fi damuwa da kada a ji a makarantar da nake koyarwa cewa 'yar malama tana da ƙwarƙwata. Abin da ya tsayar da ni shi ne ganin yadda ta riga ta yaga fatar kanta da farce.

Fiya-fiya da Sniper da danginsu akasari sinadari ɗaya ne, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, kuma ba sai an sha shi yake shiga jiki ba, yana ratsa fata ya shiga jini. A shekarar 2019 jaridu sun ba da labarin wata mai yi wa ƙasa hidima a Jihar Osun da ta rasu bayan ta zuba Sniper a gashinta domin kashe ƙwarƙwata, kuma a shekarar ce hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da manyan kantuna. Wannan babbar mace ce. To ina ga yarinyar da jikinta ƙarami ne, kuma egzima ta riga ta tsattsaga fatar da Allah Ya yi mata a matsayin garkuwa? Duk wanda ya ga yaron da aka shafa wa irin wannan guba yana dalalar miyau, yana amai, yana zufa, numfashi yana yi masa wuya ko yana jijjiga, to ya cire masa kaya, ya wanke kan da jikin da ruwa mai yawa da sabulu, ya garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. Shi kuwa kananzir, bayan ƙona fata da yake yi, ya isa a tuna cewa yaran nan kusa da murhu da fitila suke wuni.

Kunyar da ke tura mu ga wannan kasada ba ta da tushe. Ƙwarƙwatar ka ba ruwanta da tsabta ko ƙazanta, jini take nema, kuma ba ta tashi sama, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi daga kai zuwa kai idan yara sun haɗa kai wajen wasa ko karatu ko kwanciya a katifa ɗaya, wani lokaci kuma ta hanyar aron hijabi ko ɗankwali ko hula ko mataji. Idan ta faɗo daga ka ba ta wuce kwana biyu a raye, shi ya sa babu dalilin fesa wa ɗaki magani. Abin da ke ba mutane wahala shi ne ƙwanta, wanda ke manne da gashi dab da fatar kai, ba ya kaɗuwa kamar amosanin ka, yana kuma ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan ne dalilin da ya sa uwa kan ce ta yi magani amma abin ya dawo, alhali ba dawowa ya yi ba, ƙwan da ya rage ne ya fashe.

Da na kai ta asibiti, likitar da ta duba ta ta ce tun da fatar kan a buɗe take, mu fara da mataji, mu bar maganin shafawa sai ta warke. Ga yadda muka yi. Na tsefe kitson gaba ɗaya, na jiƙa gashin, na cika shi da kwandishina mara ƙamshi har ya yi santsi, na warware shi da babban mataji, sannan na raba shi ƙanana da kibiya, ina bin kowane kashi da mataji mai ƙananan haƙora tun daga tushe har ƙarshe, ina goge matajin a farin ƙyalle domin in ga abin da ya fito. Mun yi haka a rana ta 1, da ta 5, da ta 9, da ta 13, sannan na sake dubawa a rana ta 17. Ba zan ɓoye ba, da irin gashinmu mai cika da murɗewa aikin yakan ci fiye da sa'a guda, kuma yarinya tana kuka a zaman farko, sai da na koma yi mata da safe a tsakar gida inda haske yake, yayarta tana yi mata tatsuniya. Na duba kan kowa a gidan a rana ɗaya, na samu a kan yayar, na haɗa su. Hijabai da ɗankwalaye da rigunan filo na wanke su da ruwan zafi na shanya a rana. Ga yaron da fatarsa take lafiya akwai maganin da aka yi musamman domin kan mutum, kamar permethrin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda ake maimaitawa bayan kimanin mako guda, amma ga mai egzima a bari likita ya zaɓa, domin wasu magungunan suna ɗauke da sinadarin da ke yi wa tsagaggiyar fata raɗaɗi. Ɗa namiji kuwa aski ya wadatar, sai dai a yi da inji, kada a sa aska a kan fatar da ta yi rauni.

Game da egzimar kanta, akwai ruɗanin suna da ke cutar da yara. A bakin yawancin 'yan Najeriya, idan an ce egzima ana nufin ƙyasbi, wato farin tabon nan da naman gwari ke haddasawa, don haka uwa kan je kemis ta ce ɗanta yana da egzima, a miƙo mata man nan mai haɗin magani uku. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroyid wanda, idan aka daɗe ana shafa wa ƙaramin yaro, yakan sirantar da fata ya kuma sa launinta ya koɗe. Egzimar da nake magana a kai ba ƙyasbi ba ce, ba makero ba ce, ba kuma ƙazuwa ba ce. Ba a ɗaukarta daga wani, tana bin dangi ne, sau da yawa a gidajen da ake da asma, kuma asalinta fata ce da ba ta iya riƙe danshi. Shi ya sa hunturu ke tayar da ita, zufar bazara ma haka.

Abin da ya fi yi mana amfani ba mai tsada ba ne. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba soso, ba sabulun magani, ba zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, sannan a shafa basilin mara turare ko man kaɗe mai kyau tun jikin bai gama bushewa ba, a sake shafawa da rana da kuma dare. Na daina turara mata kaya, na koma saya mata na auduga, ina yanke mata farce duk mako. Idan ciwon ya tashi sosai likita kan rubuta mata man shafawa na hydrocortisone na 'yan kwanaki, kuma ba na wuce abin da aka ce. Alamar da ba a zama da ita a gida ita ce idan wurin ya fara tsatsar ruwa, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ya yi ruwan mugunya, ko kaluluwa ta fito a wuya tare da zazzaɓi, domin a nan ƙwayar cuta ta shiga ta inda aka sosa.

Roƙona na farko ga masu kitso ne, domin su ne ke fara ganin abin kafin uwa ta gani: su faɗa a asirce kamar yadda tawa ta yi mini, su riƙa wanke mataji da kibiya da ruwan zafi tsakanin kai da kai, kuma kada su yarda su shafa wa 'yar kowa guba ko da uwar ce ta kawo. Malamai 'yan uwana, kada mu kira sunan yarinya a gaban aji, kada kuma mu kore ta gida, a sanar da iyayen ajin gaba ɗaya su duba kan 'ya'yansu a mako guda. Hukumar NAFDAC kuma ina roƙonta ta sake leƙa kasuwanninmu, domin har yanzu ana tallar fiya-fiya a ƙananan kwalabe marasa ko takarda a jiki, a farashin da yaro ma zai iya saya. Ita kuwa 'yata, Alhamdu lillahi, an yi mata sabon kitso a mako na uku, kuma har yau duk ranar da za a tsefe sai na duba ƙeyarta da bayan kunnenta kafin mu fita.

Wassalam.

Wata uwa, malamar firamare,
daga Zariya, Jihar Kaduna.