A Auna Jirgi Kafin A Ɗaura Masa Inji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu ƙera ƙananan jiragen sama da hannunsu, waɗanda nake alfahari da hazaƙarsu, kan wurin da suke ɗaura inji.

Hankalin yawancinsu yana kan ƙarfin injin ne, alhali shi ne ƙarfe mafi nauyi a jikin ƙaramin jirgi, kuma mazauninsa ne ke sa jirgin ya bi hannun matuƙi ko ya ƙi. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi, wato gurbin da in an rataye shi daga nan ba zai rinjaya gaba ko baya ba. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, ana so ta faɗo tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffiken, in an auna daga bakinsa na gaba. Masu fito a Yawuri sun san makomar kwalekwalen da aka jibge wa kaya a ƙarshe guda.

Lissafin ba shi da wuya: nauyin abu sau nisansa daga cibiyar. Inji mai kilo 60 da ke mita 1 a gaba yana ba da 60. In aka musanya shi da mai kilo 80, sai a matso da shi zuwa santimita 75 don lissafin ya tsaya a 60, ko kuma a mayar da batir mai kilo 10 baya da mita 2 don ya rama 20 ɗin da ya ƙaru. Don haka a ɗora ƙafafun jirgin uku a kan sikeli uku, yana zaune daidai, a yi lissafi da matuƙi a ciki, da tanki cike da kuma tanki wayam, kafin mai walda ya taɓa mazaunin injin.

Jirgin da hancinsa ya yi nauyi yana wahalar ɗagawa, yana kuma sauka da gudu. Wanda wutsiyarsa ta rinjaya shi ne ke ba ni tsoro ƙwarai, domin yakan ɗaga kai fiye da kima har fiffike ya daina ɗaukarsa, matuƙi ya tura hancin ƙasa ya ƙi sauka.

Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan, tunda a Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle na horar da sojojin sama, kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964. Ina kira ga malaman injiniya na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da su buɗe wa waɗannan yara ƙofa, su duba musu lissafi, su kuma nuna musu hanyar neman izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kafin kowane gwajin tashi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin koyar da kanikanci,
Birnin Kebbi.