Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Gangamin Kare Yara Daga Cin Zarafi

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Sakataren Majalisar Sarki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu ma'aikatan lafiya ne da ungozomomi, da malaman makaranta, da jami'an walwalar jama'a, da ma'aikatan gidajen rediyo. Kokenmu shi ne fada ta jagoranci gangamin wayar da kai kan cin zarafin yara a rediyo da talabijin da shafukan sada zumunta, kuma a yi shi bisa tsari. Gangamin da aka yi cikin gaggawa yakan ƙara wa yaron da aka zalunta ciwo a kan ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaran da ke fuskantar duka ko lalata ko muzantawa ko sakaci a cikin shekara guda za su iya kaiwa biliyan 1, 'yan shekara 2 zuwa 17. Yawancin masu yi wa yara lalata mutane ne da yaron ya sani, ya kuma yarda da su: ɗan'uwa, maƙwabci, mai koyar da shi, mai yi masa kyauta. Don haka saƙon da ya tsaya a kan "ku yi hankali da baƙo" yana sa iyaye su tsare ƙofar gida alhali ɓarnar tana ciki.

Ranka ya daɗe, roƙonmu na farko shi ne kada a sa ko saƙo ɗaya a rediyo sai an shirya inda za a kai yaro. Duk gangamin da ya shiga kunnen jama'a yana ƙara yawan masu kai ƙara. Uwar da ta yi ta maza ta buga lambar da aka sanar, ta tarar da wayar a kashe, da wuya ta sake bugawa. A samar da lamba ɗaya tak, wadda ake ɗauka dare da rana, da aƙalla mutum biyu da aka horar suna karɓa-karɓa. A tabbatar asibiti ɗaya mafi kusa yana da magungunan gaggawa a ajiye, da ɗakin da za a duba yaro ba a gaban jama'a ba, da ma'aikaciya mace ga yarinyar da ta fi son haka. A san jami'in 'yan sanda da jami'in walwala da za a miƙa wa maganar. Kafin ranar buɗewa, fada ta sa wani ya gwada kiran lambar da tsakar dare, ya ga ko za a amsa.

Abin da ya fi kamata saƙon ya ɗauka shi ne lissafin awoyi, domin nan ne ake yawan asara. Idan an yi wa yaro fyaɗe, maganin da ke kare shi daga ƙwayar cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, kuma gara a fara tun a awoyin farko. Ana shan sa kullum har kwana 28, ba a yankewa don yaron ya ji tashin zuciya, sai dai a koma wurin likita. Yarinyar da ta fara al'ada, ko ta kusa farawa, akwai maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki da ke aiki har zuwa awa 120. Akwai kuma allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da magungunan cututtukan sanyi. Iyalai da yawa suna cinye kwana ukun nan na fara maganin HIV suna shawara tsakanin dangi, su iso asibiti a rana ta biyar, ya zama ihu bayan hari. A faɗa a rediyo ƙarara: asibiti tukuna, shawarar dangi daga baya, kuma neman takardar 'yan sanda kada ya jinkirta magani. Wanda kwanakin suka wuce masa shi ma ya zo, domin akwai gwaji da jinya da za a yi masa.

Game da shaida, abin da uwa ke fara yi don tausayi shi ne ta yi wa yaron wanka, ta wanke kayansa. Wannan yana goge abin da likita zai ɗauka. Idan zai yiwu, a kai shi kafin wanka. Tufafin da ke jikinsa a sa su cikin jakar takarda, kowanne daban. Leda tana riƙe danshi, kayan su yi fumfuna, shaidar ta lalace. Wani abu da jama'a ba su sani ba shi ne, rashin ganin rauni a jikin yaro ba ya nufin ba a taɓa shi ba. Wurin yana saurin warkewa, kuma lalata iri-iri ce. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa abin da ake kira gwajin budurci ba shi da tushe a ilimin likita. Muna roƙon a hana yi wa yara shi da sunan bincike.

Saƙon ya koya wa babba abin da zai ce idan yaro ya buɗe baki. Maganganu uku sun isa: "Na yarda da kai. Ba laifinka ba ne. Ka kyauta da ka gaya min." Kada a yi kururuwa, kada a mare shi, kada a ce "me ya kai ka can?" Kada a sa masa suna a baki, kamar "ai wane ne ya yi maka, ko?" A ce, "gaya min abin da ya faru," a rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci. Idan mutum goma suka yi ta tambayarsa, labarin yakan rikice, lauyan wanda ake tuhuma ya samu abin kamawa. Yaro yakan daɗe bai faɗa ba, yakan kuma janye maganarsa idan ya ga gida ya hargitse saboda shi. Wannan tsoro ne, ba ƙarya ba.

Muna kuma roƙon Mai Martaba ya kira shugabannin gidajen rediyo da masu manyan shafuka a Facebook da TikTok, a amince da ƙa'ida a rubuce. Sashe na 16 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya kare sirrin yaro. Sakaya suna kawai ba ya isa. Idan aka faɗi unguwa da makaranta da sana'ar uban, an gama tona shi. Idan aka ce wanda ake zargi kawunsa ne aka kuma ambaci sunan kawun, an faɗi sunan yaron ke nan. Baƙin layi a kan ido ba ya ɓoye fuska ga wanda ya san ta, murya ma ana gane ta. Mai tura hoto ko bidiyon yaron da aka lalata a WhatsApp, ko da ya ce don a kama azzalumi ne, yana taya yaɗa ɓarnar, kuma abin da ya shiga intanet ba ya gogewa. A shirin kiran waya kai tsaye, wani ya fara tace kira kafin a sa shi a iska. Wanda ya kira yana ba da labarin abin da ya same shi, a ɗauke shi zuwa wani layi a haɗa shi da mai ba da shawara. Wanda ya kira yana cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, mai gabatarwa ya katse shi nan take, domin akwai yarinyar da ke saurare tana auna ko za ta faɗa.

Allah ya taimaki Sarki, akwai abin da babu mai iya yinsa sai fada. Yawancin irin waɗannan maganganu a zaure suke mutuwa, da sunan sulhu da rufin asiri. A biya kuɗin magani, a ba da haƙuri, mai laifi ya koma cikin yara. Muna roƙon umarni ga hakimai da dagatai da masu unguwanni cewa fyaɗe da lalata da yaro ba maganar sulhu ba ce, kuma duk wanda aka kawo wa ƙara ya miƙa ta ga hukuma a ranar. A haɗa da gargaɗi kan ɗaukar doka a hannu, domin dukan wanda ake zargi yana ɓata shari'a, yana kuma sa yaro ya yi shiru idan mai laifin na gida ne. Idan aka naɗi wannan umarni da muryar Mai Martaba, zai fi kowace sanarwa tasiri.

Kada gangamin ya manta da yara maza, waɗanda kunya ke rufe wa baki fiye da kima, da yara masu buƙata ta musamman, musamman kurame da masu taɓin ƙwaƙwalwa, waɗanda suka fi shiga haɗari. A sa mai fassara da alamar hannu a talabijin. A ware saƙo guda kan jijjiga jariri don ya yi shiru, wanda ke jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, da makanta, har da mutuwa. Wanda kuka ya ishe shi ya kwantar da jaririn a wuri amintacce, ya fita ya huce.

Shawararmu kan tsari: saƙo mai tsawon daƙiƙa 45 zuwa 60, magana ɗaya a kowane saƙo, a maimaita lambar waya sau biyu a ƙarshe, a sa shi sau uku a rana har wata shida. A gwada kowane saƙo a gaban iyaye kaɗan kafin a sake shi. Ana iya buɗewa a ranar 18 ga Nuwamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2022 don wannan batu. Sashe na 39 na yarjejeniyar haƙƙin yara da muka ambata ya wajabta taimaka wa yaro ya warke ya koma cikin jama'a, don haka a naɗa mai bibiyar kowane yaro: ya gama maganinsa, ya koma makaranta, an raba shi da wanda ya cuce shi. Duk ƙarshen wata a kawo wa fada rahoto marar sunaye, mai nuna kira nawa aka amsa, yara nawa suka isa asibiti cikin awa 72, da ƙara nawa ta kai kotu.

Muna neman izinin zuwa gaban Majalisar Sarki da daftarin saƙonnin da ƙa'idar gidajen rediyo, a ranar da fada ta ga dama.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da tsawon rai.

Mu ne masu biyayya,
ma'aikatan lafiya, ungozomomi, malaman makaranta, jami'an walwalar jama'a da ma'aikatan rediyo da suka sa hannu.