Zuwa ga Auta a Jos: gyaran CV da wasiƙar neman aikin jinya

Manchester, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da Inna da Baba da sauran mutanen gida kuna lafiya. Barka da kammala karatu. Allah ya sanya albarka a lasisin nan, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Na duba CV ɗin da kika turo ta WhatsApp, na ga gara in rubuto miki a tsanake, ki ajiye kusa da ke lokacin gyara.

Rabin shafin farko kin cika shi da yabon kai: mai ƙwazo, mai haƙuri, mai son aiki da jama'a. Duk wanda ya fito daga Jami'ar Jos ko kwalejin jinya ta Vom bana haka zai rubuta. Wadda za ta karanta kuwa galibi babbar nas ce da tulin fayiloli a gabanta, kuma tambayarta ɗaya ce: in na bar yarinyar nan da marasa lafiya a aikin dare, me hannunta ya iya? A share yabon, a ba ta amsa.

Kin ce ba ki da gogewar aiki da za ki rubuta. Kina da ita. Fostin ɗin da kuka yi tun kuna ɗalibai, wato zaman koyon aiki a asibitoci, shi ne jarinki, amma kin dunƙule shi a layi ɗaya. Ki warware shi: sunan asibiti, sashen, watan da kika fara da wanda kika gama, sannan layi biyu ko uku na abin da kika yi da hannunki. A ɗakin marasa lafiyar tiyata, misali, ki ce kin auna zafin jiki da hawan jini da bugun zuciya kin shigar a takardar mara lafiya, kin wanke ciwo kin canza bandeji bisa ƙa'idar tsafta, kin lura da ƙarin ruwa kin lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita. A ɗakin haihuwa, ki faɗi kin bibiyi naƙuda da takardar fatogiraf, da yawan haihuwar da kika karɓa a gaban malamarki. Kada ki ƙiyasta adadin da ka. Ki ɗauko littafin nan da malamai ke sa miki hannu bayan kowane aiki, ki ƙirga daga ciki.

Sai ki kiyaye sosai, ki bambanta abin da kika yi da kanki, da wanda kika yi ana tsaye a kanki, da wanda kallo kawai kika yi. In robar fitsari sau biyu kika saka da taimako, ki rubuta haka. A wajen ganawa ana iya cewa ki jero matakan ɗaya bayan ɗaya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Abin da ya fi wannan muni shi ne a ɗauke ki bisa abin da ba ki iya ba, a bar ki da mara lafiya. Sunan majinyaci ko wani bayani da zai sa a gane shi kada ya shiga takardarki ko kaɗan.

Tsarin ba shi da wuya. Suna, lambar waya, imel da adireshi a sama. Imel ɗin nan mai laƙabi ki bar wa ƙawaye, ki buɗe sabo da sunanki na gaskiya. Nan take a ƙasa ki sa lambar rajistarki ta NMCN, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, da ranar da lasisi zai ƙare, don shi ake fara nema, ke kuma kin kai shi shafi na uku. Sai karatu, na ƙarshe a farko, sai fostin, sai taken binciken kammala digiri, sai horon ceton rai na BLS in kin samu. Ki rubuta harsunan da kike ji. A Jos, nas da za ta yi wa tsohuwa bayanin magani da Hausa ta koma ta rubuta rahoto da Turanci ba ƙaramar kadara ba ce. Duka kada ya wuce shafi biyu, haruffa masu girman 11 ko 12, ba launi ba ado.

Ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma ki bar su a ciki in asibitin gwamnati ne, saboda dokar raba daidai tsakanin jihohi. Masu shaidarki uku: malami daga sashenku, babbar nas da kika yi aiki a ƙarƙashinta, da wani dattijo mai mutunci da ba ɗan gida ba. Ki nemi izininsu tukuna, ki tabbatar lambobinsu na shiga. Ana rasa aiki don an kira mai shaida ya ce bai tuna yarinyar ba.

Kafin ki yi fotokwafi, ki shimfiɗa takardunki a kan tabarma ki gwada sunan harafi bayan harafi: sakamakon WAEC, takardar digiri, lasisi, katin NIN, takardar haihuwa. In wani wuri Muhammad ne wani wuri Mohammed, ko sunan tsakiya ya ɓace, ki je kotu ki yi takardar rantsuwa tun yanzu.

Wasiƙar neman aikin shafi ɗaya ce, kuma kowane asibiti da tasa. In asibitin koyarwa na Jami'ar Jos ne, wato JUTH, a Lamingo, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ga shugaban asibitin ake rubutawa, wanda ake kira CMD, sai in sanarwar ta ambaci wani ofishi. Kanun wasiƙar ya faɗi gurbin daidai yadda aka rubuta a sanarwa. Ke yanzu horon shekara ɗaya na bayan digiri kike nema, kafin bautar ƙasa. Sakin layi na farko ya faɗi ko ke wace ce da inda kika ga sanarwar. Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar: ki zaɓi abu biyu daga fostin da suka dace da wannan asibitin, ki faɗi dalilin da ya sa nan kike so. Ki rufe da cewa kin haɗa takardunki, kuma a shirye kike ki zo ganawa. Ki bar roƙon nan na "ku taimaka mini, iyayena ba su da hali". Tausayi ba ya cike gurbi, kuma yana rage miki ƙima. In sun ce da hannu za a rubuta, da hannu za ki rubuta. In ta intanet ne, ki mayar da fayil ɗin PDF ki sa masa sunanki. Ki sake duba sunan asibitin kafin ki aika, musamman in tsohuwar wasiƙa kika gyara.

Maganar zuwa nan Ingila da Baba ya taɓo, a jinkirta ta. A 2024 NMCN ta fitar da sanarwar cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu zuwa waje, a nan kuma akwai jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, da ta kwamfuta wato CBT, da ta aikin hannu wato OSCE. CV ɗin Ingila ma daban ne, ba hoto, ba shekaru, ba addini. Abin da zai amfane ki a ko'ina shi ne ki sayi ƙaramin littafi daga ranar farko ta horo, kina rubuta sashe da wata da aikin da kika koya.

Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki gurbi, ki gaya wa Baba kafin ki amsa masa. In kin gyara, ki turo mini CV ɗin da wasiƙar JUTH tare, da hoton shafukan littafin fostin, mu bi su layi-layi ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku.

Wassalam,
Yayarki