Daga Yotebori, zuwa ga mutumina

Salamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya jikin Umma? Ka yi haƙuri da shirun da na yi, wallahi ba wulaƙanci bane, aiki da makaranta ne suka sa ni a tsakiya, ga duhu, nan fa a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu, sai ka ji jikinka ya mutu kamar an yi isha'i.

Ka ce in faɗa maka gaskiya ko na fara jin yaren mutanen nan ko har yanzu da Turanci nake lallaɓawa. To na fara, amma da wuya. Garin ma da muke ciki a rubuce Göteborg ne, su kuma suna cewa wani abu kamar Yotebori, tun daga nan na san akwai aiki. Ina zuwa makarantar da suke kira SFI, ta koya wa baƙi yaren Suwidin, kyauta ce, ƙaramar hukuma ke ɗaukar nauyi, matakanta huɗu daga A zuwa D, ni da yake na yi boko sai aka fara da ni daga C.

Abin da ya fi ba ni wahala ba kalmomi bane, jerin jimla ne. Suna da wata doka, in dai jimla ce ta ba da labari to aikatau dole ya zauna a wuri na biyu, ko me ya zo a farko. Ka ga jag dricker kaffe nu, wato ina shan kofi yanzu, wannan ba matsala. Amma da zarar ka ɗauko nu ɗin ka kai shi gaba sai ya koma nu dricker jag kaffe, kamar ka ce "yanzu sha ni kofi". Mu kuwa a Hausa ko ka ce gobe zan je kasuwa ko zan je kasuwa gobe, zan je ɗin nan yana nan yadda yake babu mai taɓa shi, haka ma Turanci, shi yasa bakina ya fi wata uku yana cewa nu jag dricker, malamarmu ba ta ma magana sai dai ta ɗaga yatsu biyu kawai tana murmushi, in na ga yatsun nan na san na sake kwafsawa. Daga baya na samo dabarata, na ɗauki aikatau ɗin kamar dattijon nan na masallacin unguwarku da yake da wurinsa a sahun gaba, ko wa ya riga shi zuwa sai an matsa masa. Kuma wurin farkon ba lallai kalma ɗaya ba, ko doguwar magana ce ana ƙirga ta ɗaya, när jag kommer hem äter jag, in na koma gida sai in ci abinci, duk "in na koma gida" ɗin nan mutum ɗaya ne, äter ya biyo, sannan jag. Tambayar e ko a'a kuma da aikatau ake buɗe ta, dricker du kaffe? shikenan.

Ina cikin murna na gane wannan sai ga inte, kalmarsu ta korewa. Mu muna rungume magana da ba da ba, su kalma ɗaya ce amma ba ta zama wuri ɗaya. Jag kommer inte, ba zan zo ba, tana bayan aikatau. Da ka sa att ko eftersom ko om a gaba, irin su cewa, saboda, idan, sai ta tsallako gaba, eftersom jag inte kommer. Har suna suka ba dokar, BIFF, don a riƙa tunawa. A rubutu ina kiyayewa, a baki kuwa har gobe ina faɗuwa, kafin in tuna inda zan ajiye ta mai kantin ya riga ya juya min zuwa Turanci, kuma wannan ɗabi'ar tasu tana ɓata min rai duk da na san taimako suke nufi.

Amma ka san wani abu? Ranar da na daina bi ta Turanci na fara kwatantawa da Hausa kai tsaye, ranar abubuwa suka fara warwarewa. Mota a wurinsu en bil ce, in kana nufin wadda aka riga aka sani sai ka ce bilen. Gida ett hus, wanda aka sani huset. A wutsiya suke liƙa abin. To ai namu kenan, mota motar, gida gidan! Larabawan ajinmu da suka saba da al a gaba sun ɗan sha fama, ni da wani ɗan Somaliya da muke zama benci ɗaya muka kalli juna muka yi dariya, ya ce su ma a ƙarshe suke sa wa. Siffa ma haka, en stor bil, ett stort hus, stora bilar, ba ka ji babbar mota, babban gida, manyan motoci ba? Sai dai nasu jinsin ba namiji da mace bane, en ne da ett, kuma babu wata alama irin tamu da yawanci in suna ya ƙare da a ka san mace ce. Kujera en stol, tebur ett bord, yaro ma ett barn, kar ka tambaye ni dalili. Haddacewa kawai ake yi tare da kalmar, in ka rasa ka cinki en don su suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Aikatau ɗinsu dai Allah ya yi masa albarka, ba ya canzawa da mai yi, jag äter, du äter, vi äter, duk äter ne. Kai da ka sha wuyar Faransanci a Maraɗi za ka ji daɗin wannan.

Kunnen Bahaushe ma yana da riba a nan. Suna bambanta dogon wasali da gajere, glas kofin gilashi ne, glass kuma askirim, tak rufin ɗaki, tack na gode, kamar yadda muke raba gari na zama da gari na tuwo. Har karin sauti suna da shi kaɗan, anden da wani kari agwagwa ce, da wani karin kuma ruhi. Wanda ya gagare ni shi ne sautin da ke farkon sju, bakwai, wani huci ne tsakanin sh da h da f, in zan faɗi lambar wayata sai na yi addu'a.

Akwai wani wuri da suka fi mu tsantseni. In na ce ya ɗauki motarsa, ba ka san tasa ba ce ko ta wani. Su han tog sin bil tasa ce ta kansa, han tog hans bil kuwa ta wani ce ya ɗauka, harafi kaɗan ka mayar da bawan Allah ɓarawo. Dangi kuma kamar mu suke rarrabewa, morbror kawu, farbror baffa, faster gwaggo, har kakanni sun raba, mormor ta wajen uwa, farmor ta wajen uba. Amma duk da haka kowa du ne a wurinsu, kai ko ke, tun wajen ƙarshen shekarun 1960 suka watsar da yawancin kiran girmamawa, malama da sunanta ake kiranta tsirara, likita ma haka. Har yau in zan kira ta sai na ji nauyi a bakina, ka tuna bulalar da za mu sha a Islamiyya da mun gwada haka.

Bari in ba ka dariya kafin in tafi. An ba ni lokacin ganawa a wani ofis aka ce halv tre, na ji halv rabi, tre uku, na ce uku da rabi kenan, na yi wanka na shiga taragon cikin gari hankali kwance. Ashe su rabin hanya zuwa uku suke nufi, biyu da rabi. Na isa da awa guda a makare, matar ta dube ni ta duba kwamfuta ta ba ni wani lokacin bayan sati uku, ko faɗa ba ta yi ba, wanda da ta yi ma da ya fi min sauƙi.

Jarrabawar matakin C tana tafe, ka sa ni a addu'a. In an samu mai tahowa dan Allah a haɗo min da kuka da yaji, wanda na zo da shi saura ɗan kaɗan a gindin kwalba. Ka gaida Umma da kyau, ka gaida madam da yara, ka ce wa ƴan majalisa ina nan ina fama da inte.

Naka har kullum.