Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Sojojin Sama: A Bar Makaniki Ya Iya Cewa Jirgi Ba Zai Tashi Ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan babbar amana. Ni tsohon makanikin jiragen yaƙi ne. Mafi yawan shekarun aikina na yi su a sashen kujerar tsira, wato kujerar nan da ke cilla matuƙi waje idan jirgi ya gagara. Na ajiye kaki, amma yaran da na koya wa aiki suna nan a rumfunan gyara, kuma sukan kira ni su faɗa mini abin da ba za su iya furtawa a gaban manyansu ba. Saboda su na ɗauki alƙalami. Buƙatata guda ce: ka kare sa hannun makaniki. Idan ya ce jirgi bai cancanci tashi ba, maganarsa ta zauna, kuma kada ta zame masa laifi.

Ka san kujerar nan ciki da bai, domin ka zauna a kanta. Amma ka yi mini afuwa in bayyana ta yadda mu na ƙasa muke ganinta. Kowane ɓangare na jirgi ana gwada shi. Ana tayar da inji a saurare shi, ana ɗaga jirgi a janye ƙafafunsa a sake su, ana kunna rediyo a ji amsa. Kujera kuwa ba mai harba ta don ya ga ko tana aiki. Ranar gwajinta ita ce ranar da ran mutum ya rataya a kanta. Matuƙi zai ja mariƙin da ke tsakanin cinyoyinsa, murfin gilashi ya fice ko ya tarwatse, ɗamara ta fizgo kafaɗunsa baya, igiyoyi su tattaro ƙafafunsa, harsashin farko ya tunkuɗa kujera sama, roka ta karɓa, ƙaramar laima ta daidaita shi a iska, sannan babbar ta buɗe. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, jikinsa na ɗauke da nauyin da ya ninka nasa fiye da sau goma, shi ya sa da yawa suke saukowa da rauni a ƙashin baya. Idan mataki ɗaya ya ƙi, na bayansa ba su da amfani. To mene ne shaidar cewa duka za su yi aiki? Kwanan wata da ke jikin kowane harsashi, da sa hannun wanda ya ɗaura shi. Babu wata shaida bayan waɗannan.

Ba a samu kujerar nan da araha ba. Bajamushe Helmut Schenk ne ya fara tsira da irinta a watan Janairun 1942, daga jirgin Heinkel He 280, lokacin ma da matsattsiyar iska ake tura ta. A shekarar ce Valentine Baker ya mutu wajen gwajin jirgi a Ingila, abin ya girgiza abokin aikinsa James Martin har ya karkata sauran rayuwarsa ga neman hanyar fitar da matuƙi da rai. A watan Yulin 1946 wani ma'aikacin kamfaninsu na Martin-Baker, Bernard Lynch, ya yarda aka harba shi daga jirgin Meteor yana tafiya a sama, don a tabbatar abin zai yiwu. Makaniki ne shi ma, ranka ya daɗe, kuma ina son a riƙa tunawa da hakan. Daga 1949, da Jo Lancaster ya zama na farko da kujerar Martin-Baker ta ceta, zuwa yau kujerun kamfanin sun ceci mutum fiye da 7,000. A bajekolin jirage na Paris a 1989 duniya ta ga Anatoly Kvochur ya fice daga MiG-29 dab da ƙasa, kujerar K-36 ta Rasha ta fitar da shi da ransa. Wani wanda ba a taɓa jin sunansa ba ne ya naɗe laimar nan, ya duba harsasan nan.

Akwai kuma ranakun da kujera ta ƙi, kuma su ne suke hana ni barci.

Ranar 8 ga Nuwamban 2011, a sansanin Scampton na Ingila, Sean Cunningham na tawagar wasan shawagi ta Red Arrows yana zaune cikin jirginsa Hawk a ƙasa, yana shirin tashi, sai kujera ta harba. An ƙera ta yadda ko jirgi na tsaye cik za ta iya ceton mutum, saboda haka ya kamata ya sauko lafiya. Babbar laima ba ta buɗe ba. Bincike ya gano an bar mariƙin harbawa bai zauna daidai ba, ba tare da an lura ba, sannan wani noti guda da ke kan mahaɗin laima an ɗaure shi fiye da kima, ya hana mahaɗin sakuwa. Wanda ya ɗaure notin bai yi ha'inci ba, gargaɗin da ya kamata ya iso hannunsa ne bai iso ba. A 2018 kamfanin Martin-Baker, da ya ƙera kujerar, ya amsa laifi a kotu, aka ci shi tarar fam miliyan 1.1. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, takardar gargaɗi da ta kwana a ofis ba ta kai rumfar gyara ba, daidai take da wadda ba a rubuta ba.

Na biyun ya fi kusa da abin da ya sa na rubuto. Ranar 30 ga Yunin 2020, a sansanin Shaw na Amurka, wani matashin matuƙi, David Schmitz, ya lalata ƙafar jirginsa F-16 wajen saukar dare. Da abin ya ƙi ci, ya ja mariƙi. Kujera ta fita, amma na'urar da ke tsara buɗewar laima ba ta yi aikinta ba, ya faɗi yana ɗaure a kujerarsa. Daga baya aka gano cewa akwai gyaran da ya kamata a yi wa kujerar, an yi ta ɗaga shi saboda ƙarancin kayan gyara. Wannan fa a rundunar da ta fi kowace kuɗi a duniya. Idan ɗage wa'adi ya iya cin rai a can, babu rundunar da za ta ce ta fi ƙarfinsa.

A gefe guda, ka duba abin da ya faru a 2022. Wani mai duba kujerar jirgin F-35 a sansanin Hill na Amurka ya ci karo da harsashi guda mai matsala. Bai rufe ido ba, ya kai rahoto. A watan Yuli aka dakatar da ɗaruruwan jirage, har da na koyon tuƙi, aka bi kujeru ɗaya bayan ɗaya. An yi asarar kwanakin atisaye, an yi asarar kuɗi, amma ba a yi jana'izar kowa a kan wannan harsashi ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri. Ana gobe manyan baƙi za su zo kallon shawagi, ina bin takardu sai na ga wa'adin harsasan kujerar wani jirgi ya cika da 'yan kwanaki, sababbi kuma ba su iso ba. Na rubuta cewa jirgin ba zai tashi ba. Ba wanda ya zage ni. An dai kira ni gefe, cikin taushin murya, aka tambaye ni ko kwana nawa ne za su ɓata albarushi, aka tuna mini cewa jirage nawa aka yi alkawarin za a gani a sama. Gaskiya ne, mai yiwuwa harsasan nan lafiyarsu lau. Amma ni ba ni da hanyar sani, wanda ke lallashina ma ba shi da ita, matuƙin kuwa bai ma san ana zancen ba. Na ƙi sa hannu. Jirgin ya kwana a rumfa, ni kuma na daɗe ina jin sunana a matsayin mai taurin kai. A lokacin ina da shekaru da igiyoyi a kafaɗa da zan iya jure hakan. Yaro ɗan shekara 22 da ke jiran ƙarin girma, ga sabuwar amarya a bariki, ba lallai ya iya ba. Kuma ranar da ya sa hannu ba don ya yarda ba, jirgi ya je ya dawo lafiya, ya koyi mummunan darasi: cewa ana iya yi a kwana lafiya.

Haka lalacewa take shiga, a hankali. Ka tuna da jirgin Nimrod na Birtaniya da ya kama da wuta a sararin Afganistan ranar 2 ga Satumban 2006, mutum 14 suka rasu. Rahoton da Charles Haddon-Cave ya fitar a 2009 bai tsaya kan man da ya zuba kusa da bututu mai zafi ba. Ya bi sawu har zuwa shekarun da aka yi ana rage kashe kuɗi, ana sauya tsari, ana cika takardun lafiyar jirgi don a ce an cika. Bayansa ne, a 2010, aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido kan lafiyar jiragen soja, wadda ba ta ƙarƙashin kwamandan da ke neman jirgi ya tashi. Irin wannan nake roƙo. Mai cewa a tashi daban, mai cewa ya cancanta daban, kuma na biyun ya kasance ba na farkon ne ke rubuta rahoton ƙarin girmansa ba.

Kayan gyara su ne tushen yawancin matsin lambar nan. Harsasan kujera, rokoki, laima da ɗamara duk suna da wa'adi, kuma an san ranar cikarsa tun ranar da aka ɗaura su. Ba kamar tayar mota ba ne da za ta fashe ba zato. Kayan fashewa ne, sai an yi oda, an nemi izinin fitarwa daga ƙasar da ta ƙera, an samu jirgin da zai yarda ya ɗauko, abin da kan ci watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka makara, sai a koma ciro na wannan jirgi a ɗaura wa wancan, aiki ya ninka biyu, kowace kwancewa kuma sabuwar ƙofa ce ta kuskure. Jirgin da aka fara yi wa haka, da wuya ya sake ganin sama. Ka sa a ware kuɗin waɗannan kaya daban, yadda ba za a taɓa su ba ko da wane biki ne ya taso.

Sai rayuwar masu aikin. Baƙo idan ya zo sansani matuƙa yake gani. Ba ya ganin layin mutanen da suka fito tun duku-duku, kafaɗa da kafaɗa, suna tafiya a hankali a kan dandamalin jirage suna tsintar tsakuwa da guntun waya, domin ƙusa ɗaya idan inji ya zuƙe ta ta isa ta kassara shi. Ba ya ganin yadda ake ƙirga kayan aiki kafin a fara da bayan an gama, idan sifana guda ta ɓace ba mai tafiya gida, ba kuma jirgin da zai motsa, sai an gan ta. Waɗannan mutane suna aiki kusa da ƙarar da ta kai desibel 140 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 ne kunne ke fara lalacewa idan an daɗe a ciki. Da yawa cikin sa'o'ina yanzu sai an ɗaga murya suke ji. Suna wanka da man jirgi, masu aiki da F-16 kuma ga gubar hidrazin, wani sinadarin da jirgin ke ɗauke da shi. Abin toshe kunne da safar hannu ba su kai kuɗin awa ɗaya ta shawagi ba.

Gajiya ta fi duk waɗannan haɗari. Masana barci sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da hannunsa kan yi rauni kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Matuƙi yana da dokar hutu, idan bai yi barci isasshe ba ba zai hau jirgi ba, kuma daidai ne. Makanikin da zai ɗaure masa notin laima fa? Sau da yawa ya kwana gadi, ya yi faretin safe, ya koma ɗakin da zafi da rashin wuta suka hana shi runtsawa, sannan a miƙa masa kujera. Ka sa masa iyakar awannin aiki a rubuce, ka cire masu aikin kujera da makamai daga jerin gadi a ranakun da suke kan jirgi. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa, a saurare shi a gyara, kada a kai shi gadirum. Idan aka hukunta na farko, na biyu zai ɓoye, abin da ya ɓoye kuma yana nan cikin jirgi yana jiran wani.

Mun yi imani kowa da ranarsa, kuma na sha jin ana faɗin haka a wajen ta'aziyyar matuƙa. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu dogara. Na taɓa zuwa gaisuwa gidan wani matuƙi da na sha zare wa sakatar da ke hana kujera harbawa in nuna masa kafin ya rufe gilashi. Ƙaramin ɗansa ya zo ya zauna kusa da ni saboda ya ga kaki irin na babansa. A hanyar komawa abin da nake ta juyawa a raina shi ne takarduna, ko akwai inda na sa hannu ban duba ba. Babu, alhamdu lillahi. Ina son yaran da na bari su ma su iya amsa wa kansu haka.

Idan ka kai ziyara sansani na gaba, ranka ya daɗe, ka bar ɗakin taro ka shiga sashen kujeru ba tare da sanarwa ba. Ka ce a ba ka littafin wa'adin harsasai, ka ƙirga nawa aka ɗaga, ka ga wa ya ba da izini. Sannan ka sallami hafsoshi, ka tambayi mafi ƙanƙantar makaniki a wurin yaushe rabonsa da barcin awa takwas, kuma ko an taɓa neman ya sa hannu a kan abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dawo mana da duk wanda ya tashi.

Naka mai biyayya,
Tsohon makanikin kujerar tsira